Hannun Dama na Ungozomar Diggi

Hadijatu Bawa shekararta saba'in da uku. Mijinta ya rasu, tana zaune a ɗakin ƙarshe na gidansa, a wata unguwa da ke gefen Diggi cikin ƙaramar hukumar Kalgo. Ta yi aikin ungozoma shekara ashirin da shida. Bayan nan ta yi shekara goma sha takwas ba ta taɓa jikin yaro ba, ko na gida ko na waje.

Doguwa ce, har yanzu ba ta ranƙwafa ba. Wanda ya zauna da ita zai lura da hagu take jawo tabarma, da hagu take korar kaji. Hannun dama yana cikin mayafi, ba ya fitowa sai za ta ci abinci ko za ta yi alwala. Lafiyarsa ƙalau. Sabo ne kawai ya bi jikinta.

A Ceberu ta ƙasar Gwandu aka haife ta. Kakarta ta wajen uwa ita ce ungozomar garin, kuma a gindinta ta koyi yankan cibiya, da binne mabiyiya, da wankan jariri safe da yamma har ranar suna. Tsohuwar tana da wata al'ada da ba kowace ungozoma ke yi ba. In ta gama wa jariri wanka, kafin ta shafa masa mai, sai ta kifa tafin hannunta a ƙirjinsa ta yi shiru kamar tsawon karatun Fatiha. Ba ta taɓa faɗin abin da take nema ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Hadijatu ta ɗauki wannan tare da sauran aikin, ta taho da shi Diggi lokacin da aure ya kawo ta gidan Malam Bawa.

Shekara goma sha ɗaya tana kifa hannu a ƙirjin jarirai ba ta jin komai sai bugun zuciya, mai sauri, irin na ɗan tsako.

A shekarar da Kebbi ta zama jiha aka haifi wani yaro a maƙwabta, aka sa masa Habibu. Ranar wanka na biyar ta kifa hannu kamar kullum, sai ta ji wani abu dabam. A sama kaɗan, ta ɓangaren hagu, kusa da ƙashin tsakiyar ƙirji, akwai wata siririyar kaɗawa da ke zuwa tare da kowane bugu. Ta ce ya yi kama da abin da mutum ke ji in ya dafa amya mai cike da ƙudan zuma, ko in ya jingina tafinsa da bangon ɗakin injin niƙa. Ta cire hannun, ta goge shi da zane, ta mayar. Kaɗawar tana nan.

Ta ce wa uwar, “Wanga yaro akwai abu ga ƙirjinai. Ku riƙa lura da shi.”

Uwar ta yi dariya, ta ce ƙoshi ne.

Habibu bai kai shekara uku ba. In yana shan nono gumi yake yi kamar mai huɗa, in ya yi rarrafe kaɗan sai ya kwanta yana haki. Da ya rasu, ita aka kira ta taimaka wajen shirya shi. Ba ta san dalili ba, amma kafin a rufe shi sai da ta kifa hannu a wurin nan. Shiru. Ta ce kwana huɗu bayan an binne shi tafin hannunta yana kaɗawa shi kaɗai, ko tana daka, ko tana salla.

Cikin shekara goma sha biyar da suka biyo baya ta ji irin wannan a jikin yara shida, har da Habibu. Jariran da ta wanke a tsawon lokacin ita ma ba ta san adadinsu ba. Wasu yanzu suna da jikoki a hanya. Duk shidan ta gaya wa iyayensu, domin ba ta ga abin ɓoyewa ba. Huɗu sun rasu kafin su kai shekara biyar. Biyu suna raye.

Mutane ba su ƙirga waɗanda suka rayu ba. Abin da suka riƙe shi ne: yaron da Hadijatu ta nuna, shi ke tafiya.

Na huɗu cikin waɗanda suka rasu autan Garba ne, ƙanin mijinta, wanda ke gida ɗaya da su. A shekarar 2006 ciwon yaron ya yi tsanani, ƙafafunsa suka kumbura. A lokacin ne Garba ya furta kalmar da aka daɗe ana raɗa. Ya ce matar wansa mayya ce, ita ta kama kurwar ɗansa, kuma sai ta sake shi.

Yadda ake sa wanda aka zarga da maita ya saki a wannan yanki sananne ne. A kwantar da marar lafiya a tsakar gida a gaban jama'a. Wanda ake zargi ya tsallake shi sau uku, sannan ya kuskure baki a ƙwarya a ba marar lafiyar ya sha. Duk wanda ya yarda ya yi haka, to ya amsa da bakinsa ke nan. Sunan ya bi shi, ya bi 'ya'yansa mata har gidan aurensu.

Hadijatu ta ƙi. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa, amma ba ta tsallake ɗan kowa. Malam Bawa ya tsaya mata, liman ma ya ce wannan abu ba ya cikin addini. Bayan kwana tara yaron ya rasu. Har yau Garba yana kan cewa da ta tsallaka da ɗansa yana nan da gemu.

Daga ranar ba wanda ya sake aiko mata da kiran haihuwa. In ta fito hanyar rijiya, mata su jawo mayafi su rufe goyo. Yara su watse ba tare da an kira su ba. Da Malam Bawa ya rasu a 2015, Garba ya zama babba a gidan, aka mayar da ita ɗakin ƙarshe kusa da garken awaki. Wata safiya ta fito ta tarar an ja layi da toka daga bangon ɗakinta zuwa gindin darbejiya. Ba wanda ya ce mata ga ma'anarsa. Ba ta tambaya ba. In ruwan sama ya wanke shi, washegari ta tarar an sake ja.

Akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba a wancan lokaci. Ita kanta ba ta da tabbas. Ta taɓa jin ana cewa wani mayen gadon abin yake yi bai sani ba. Sai ta riƙa tuna kakarta, da shirun nan da take yi hannu a kife, da yadda ba ta taɓa faɗin dalili ba. Shin nema tsohuwar ke yi, ko ajiyewa? In awaki sun haihu, Hadijatu takan faki ido ta kifa hannu a ƙirjin ɗan akuya, sannan ta yi ta bin sa da kallo har wata biyu. Ba wanda ya mutu. Wannan bai kwantar mata da hankali ba, domin ba a ce maye na cin kurwar akuya ba. Abu ɗaya ya rage mata da take riƙe da shi: ba ta tsallaka ba.

Ɗanta namiji ɗaya ne, Abdulrasheed, manomin shinkafa. Shi da matarsa Laraba, 'yar Wurogauri, sun haifi yara uku, kuma ba ɗayansu da kakarsu ta ɗauka. Ta ukun ita ce Zahra'u. Yarinya ce 'yar firit mai manyan idanu, ba ta son gudu. In sauran yara suna guje-guje, ita sai ta zauna a kan turmi tana ba su umarni.

A daminar 2024, wata Asabar da rana tsaka, maza suna gona, Laraba ta tafi rijiya, gidan ya yi tsit ba ka jin komai sai kurciya a kan darbejiya. Hadijatu tana zaune a bakin ƙofarta jingine da bango, barci ya sace ta. Ta ce Habibu ta gani. Yana cikin ruwan wanka, idonsa a buɗe, hannunta a ƙirjinsa, kaɗawar tana hawa har gwiwar hannu.

Ta farka. Kaɗawar ba ta tsaya ba.

Zahra'u ce kwance a cinyarta tana barci, ta rungume hannun kakarta na dama kamar 'yar tsana, tafin yana manne da ƙirjinta. Shekararta biyu da rabi. A kan layin tokar ga sawun ƙafa biyu ƙanana.

Hadijatu ta ɗauke ta da hagu, ta kai ta inuwar ɗakin uwarta ta kwantar. Ta dawo ta share sawun, ta ɗebo toka a murhu ta cike inda layin ya yanke. Wannan ne karo na farko da ta ja shi da hannunta.

Kwana goma sha ɗaya ba ta ce komai ba. Ta san in ta yi magana za a ce ta kama jikarta. Ta kuma san inda shiru zai kai, domin ta ga ƙarshen yara huɗu. A cikin kwanakin ne ta ji sanarwa a tsohuwar rediyon mijinta, cewa akwai wani ƙaramin asibiti a Kalgo inda ake kawo na'urar hoton zuciyar yara ranar Talatar farko ta kowane wata. Aka ce a kawo yaron da ke saurin gajiya, ko mai haki, ko wanda ba ya girma.

Rana ta goma sha biyu Zahra'u ta bi kaza da gudu, taku kamar goma, ta yanke jiki ta faɗi a gindin turmi. Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Da hayaniya ta lafa, Hadijatu ta tsaya a bayan layinta ta kira ɗanta.

“Abdu, zo kusa. Wagga ɗiya tana da abin nan.”

“Wane abu, Inna?”

“Ka san shi. Na ji shi ga hannuna.”

Abdulrasheed ya waiga ya ga ko akwai mai ji. Akwai. Laraba tana tsaye a bayansa da yarinyar a kafaɗa.

“Yaushe kika taɓa ta?” in ji Laraba. Wannan kaɗai ta tambaya.

Kafin la'asar magana ta kai wa Garba, kafin magariba ta kai Wurogauri. Washegari da hantsi kawun Laraba ya iso a kan babur, ya ce zai tafi da 'yarsu da jikarsu, akwai mai magani a wajensu. Abdulrasheed ya ce shi Kalgo yake so a kai ta. Garba ya buga sandarsa a ƙasa.

“Asibiti mi za ta yi? In dai mai riƙo bai saki ba, ko Saudiyya kun kai ta wahala ce. Ni na ga wanga abu da idona. Ni na haƙa ramin ɗana.”

Suka yi ta ja har rana ta take. Talatar farkon wata saura kwana huɗu, in ta wuce sai wani watan. Abdulrasheed ba ya iya tsallake maganar baffansa, Laraba ba ta iya tsallake ta kawunta. Sai aka ji muryar Hadijatu daga ƙarshen gida.

“Garba.”

Shekara goma sha takwas ba ta kira sunansa ba.

“In na tsallake ta, kuna kai ta Kalgo ran Talata?”

Garba ya ce, “Ashe kin san hanya.”

“Ba wannan na tambaye ka ba. Kuna kai ta?”

“Muna kai ta.”

“Kai ma ka ji?” ta ce wa kawun Laraba. Ya ce ya ji.

Abdulrasheed ya ce, “Inna, kin san abin da za a kira ki.”

Ta ce, “Da can mi aka kirana? Hajiya?”

Ranar Litinin da hantsi aka yi. Liman ya aiko cewa ba da shi ba. Duk da haka gidan ya cika, wasu matan suna leƙe ta kan danga. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da Zahra'u. Hadijatu ta fito da zane ɗaya, ba mayafi, hannunta na dama a fili kowa yana kallonsa. Ta ƙetare layin toka. Ta tsallake yarinyar sau ɗaya. A na biyu Zahra'u ta ɗauka wasa ne, ta ƙyalƙyale da dariya ta cafke mata idon sawu.

“Kaka, ƙara!”

Ba wanda ya yi dariya. Wata mata a bayan danga ta ce, “Kun gani, kurwar ta san mai ita.”

Ta tsallaka na uku. Aka miƙo mata ƙwarya da ruwa, ta kuskure baki, Garba da kansa ya ɗura wa yarinyar. Sannan ya juya ya shiga ɗakinsa, bai fito ba sai azahar. Waɗanda suke kusa sun ce kuka yake yi.

Washegari mutum huɗu suka hau motar Kalgo. Hadijatu ta zauna can baya tare da buhunan albasa.

Mai riƙe da na'urar a asibitin ita ce Deborah Amos, ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru, wadda ta shekara tara a Kalgo kuma aka koya mata wannan aiki. Na'urar ba ta fi ƙaramin akwatin makaranta ba. Ita take ɗaukar hoto ta auna, ta tura wa likitan zuciyar yara ta waya, shi ya duba ya yanke magana. Ɗakin da take aikin an toshe tagarsa da bargo don hoton ya fito sosai, saboda haka ko da rana tsaka duhu ne a ciki, sai hasken allon na'urar a fuskokin mutane.

Ta kwantar da Zahra'u a gefen hagu, ta ba ta alawa, ta shafa mata wani ruwa mai kauri da sanyi a ƙirji. Ta ɗora kan na'urar, wani abu kamar ƙotar wuƙa. Hoto toka-toka ya bayyana yana motsi. Deborah ta karkata hannu, ta matsa sama kaɗan ta ɓangaren hagu, kusa da ƙashin tsakiya. Hadijatu, wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, ta ga inda hannun ya tsaya.

“Ga ta nan,” in ji Deborah. Ta nuna allon da yatsa. “Wannan ƙofa ce. Ta nan jini ke fita daga zuciya ya tafi huhu ya ɗauko iska. Kamata ya yi ta buɗe wangame a kowane bugu. Ku duba tata. Leɓunanta sun manne, sai ta kumbura kamar bakin buhun da aka tsuke, jinin yana fita ta ɗan tsakiya.”

Ta danna wani maɓalli, launuka suka cika wurin, ja da shuɗi da rawaya a cakuɗe. Ta ce wannan alamar jinin yana kutsawa da ƙarfin tsiya ne. Sannan ta ƙara murya don ta auna gudunsa.

Ƙarar da ta cika ɗakin ba ta yi kama da bugun zuciya ba. Wani huci ne mai kaushi, yana zuwa yana komawa, kamar ana zuga wuta a maƙera ta cikin tsukakken bututu. Zahra'u ta daina tsotson alawa.

Daga bakin ƙofa Hadijatu ta ce, “Shi ne.”

Duk suka waiga. Ta fito da hannun daga mayafi tana kallon tafinsa.

“Shi ne. Shekara talatin da uku nika jin shi ga hannu. Ban taɓa jin shi da kunne ba.”

Deborah ta tambayi abin da take nufi. Laraba, kanta a sunkuye, ta faɗa a taƙaice, har da abin da aka yi jiya. Deborah ta ajiye kan na'urar. Ta goge ƙirjin yarinyar, ta kamo hannun Laraba ta kifa shi a wurin.

“Ki bar yatsu, da tushen tafin za ki ji. Kar ki danna. Yi shiru.”

Laraba ta yi shiru. Can sai ta fizge hannun kamar ta taɓa garwashi, ta dube shi, ta mayar.

“Malama, ina jin shi.”

“To.”

“Ke nan ni ma mayya ce?”

“Da ke, da ni, da likitan da zan kira yanzu, duk mun haɗu,” in ji Deborah. “Shi ma sai da aka shekara ana koya masa kafin ya iya jin abin da Inna ta ji a ruwan wanka. Inna, da na san kina Diggi da ban sha wahalar cajin batir ba.”

Hadijatu ba ta yi murmushi ba. Ta tako ɗaya zuwa cikin ɗakin.

“Ɗiyata, gaya mini gaskiya. Yaushe ƙofar ta tsuke?”

“Tun tana ciki. A watannin farko, lokacin uwarta ma wataƙila ba ta gama sanin tana da juna biyu ba. Haka aka halicce ta.”

“Kahin hannun kowa ya taɓa ta?”

“Kafin hannun kowa.”

“To Habibu hwa? Da na Garba?”

Deborah ta ce ba za ta yi rantsuwa a kan yaran da ba ta gani ba. Ta ce ba tsukewar ƙofa kaɗai ke kawo wannan kaɗawa ba, huda a bangon zuciya ma tana kawo ta, amma duk abubuwa ne da ake zuwa duniya da su. Sai ta tambaya ko biyun da suka rayu suna kusa. Wata guda bayan haka ɗayansu ya zo, magidanci mai shekara ashirin da bakwai da ke sayar da itace. Aka ga tasa ƙofar ma a tsuke take, amma kaɗan, irin wadda ba ta buƙatar komai sai a riƙa dubawa.

Ta Zahra'u ba irin wannan ba ce. Likitan ya kira kafin su bar asibitin, ya ce tsukewar mai tsanani ce, naman zuciyar ta dama har ya fara kauri saboda turi. Ya ce ba sai an tsaga ƙirji ba. Za a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa ƙofar, a hura ɗan balan-balan da ke bakinsa ya buɗa ta. Sai dai a wani babban asibiti ake yi, a wata jiha, kuma akwai layi.

Wata biyar suka jira. A tsakani Zahra'u ta suma sau biyu. A farkon 2025 Abdulrasheed da Laraba suka tafi da ita, suka dawo bayan kwana tara da ɗan filasta a cinyarta.

Ranar da suka dawo, Laraba ta wuce kai tsaye har ƙarshen gida, ta dire yarinyar a cinyar surukarta, ta ce, “Inna, duba mini.” Hadijatu ta kifa hannu. Ta matsa sama, ta matsa hagu. Sai ta miƙe zumbur tana salati, tana jijjiga yarinyar, ita kuwa Zahra'u tana ta dariya.

Daga baya ta yi bayani. Sau ɗaya ta taɓa kifa hannu inda kaɗawa take ta tarar da shiru, kuma a jikin Habibu ne, ranar da za a rufe shi. Ta ce idonta yana ganin jikarta tana dariya, hannunta yana gaya mata gawa ce. Sai da ta yi kwanaki kafin su biyun su daidaita.

Yanzu Zahra'u tana bin kaji har garken awaki. Duk wata uku ana mayar da ita wajen Deborah a auna ƙofar. Laraba ta share layin toka da tsintsiya, ba a sake ja ba.

A unguwa kuwa magana ta zauna daram. An tsallake yarinya ranar Litinin, ta warke; me ya rage a tambaya? Abdulrasheed ya nuna wa Garba hoton da aka buga a takarda, ya nuna masa ƙofar kafin da bayan. Garba ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙa masa.

“Likita ya yi aikinai, ban musa ba. Amma da ba ta saki ba, da bututun bai shiga.”

Da aka gaya wa Hadijatu, cewa ta yi, “In ya yarda da hoton, to ɗansa ba ni na kashe shi ba, ba kuma wanda zai riƙe da laifi. Ku bar shi da ni. Na saba.”

Har yanzu wasu matan suna rufe goyo in ta wuce. Wata ɗiyarta da ke aure a Gwandu ta aiko cewa dangin mijinta sun ji labarin tsallakar, sun daina ba ta jarirai ta riƙe.

Ranar Alhamis ta makon jiya, da rana tsaka, wata Bafulatana ta yi sallama a gidan da ƙwaryar nono a kai. Daga rugagen da ke bayan Gwandu ta fito, tafiyar da ba mai tallar nono da ke yin ta. Ba ta tsaya a tsakar gida ba, ta wuce ɗakin ƙarshe kamar an kwatanta mata. Ta sauke ƙwaryar, ta kwance goyo. Yaro ne ɗan wata takwas, goshinsa jiƙe da gumi, yana numfashi da sauri.

Ta ce, “Inna, an ce kina kamawa, kina saki. Ban san wanda ya kama wanga ba. Ko ke ce, ko wata, don Allah ki sakar mini shi.”

Hadijatu ta ce, “Ban kamawa, ban saki. Ji kawai nika yi.”

“To ki ji.”

Ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta aika Zahra'u ta ɗebo ruwa a buta, ta wanke hannun dama, ta goge shi, ta hura masa iska don kada sanyi ya firgita shi. Ta kifa tafin a ƙirjinsa. Kurciya tana ta kuka a kan darbejiya. Ta wuce tsawon Fatiha, ta wuce biyu. Bafulatanar ba ta kallon ɗanta, fuskar tsohuwar take kallo.

Hadijatu ta cire hannun. Ta kamo na uwar ta kifa a wurin, ta danne shi da nata.

“Bar yatsu. Yi shiru. Kin ji?”

Matar ta gyaɗa kai, idonta ya kawo ruwa.

“To hannunki ne, ba nawa ba. Mijinki na barin ki zuwa Kalgo?”

“In na ce ke kika ce, yana bari. Tsoronki shika ji.”

“Madalla. Ce mishi ni na ce.”

Shekaranjiya ce Talatar farkon wata. Da hantsi Hadijatu ta ɗaura zanenta na fita, ta sa takalmin roba, ta tsaya a bakin hanya har matar ta iso. Da motar Kalgo ta zo ba ta koma baya wajen buhuna ba. Ta zauna a tsakiya, ta karɓi yaron ta ɗora a cinyarta, hannunta na dama a kife a ƙirjinsa, ba ta ɗaga shi ba har ƙofar asibitin.